Gogau Mai Zuƙar Kan Inji

Yayana ba bakanike ba ne, kuma in kana son ka ga ɓacin ransa ka kira shi da wannan suna. Ba ya kwance taya, ba ya juye baƙin mai, ba ya shiga ƙarƙashin mota. Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne kan inji, wato murfin ƙarfen nan mai nauyi da ke zaune a saman inji, wanda kanikawa ke kira top. A jikinsa akwai ramuka, ta wasu iska ke shiga ta haɗu da mai, ta wasu hayaƙi ke fita. Aikin Yaya shi ne ya zauna da ɗan injin guga mai dogon baki ya bi ramukan nan yana gogewa, yana gyara musu kwana, har iska ta riƙa wucewa ba tuntuɓe. Shi ya sa duk layin gareji ba wanda ya san shi da wani suna sai Gogau. Ni kuwa Auta yake ce min, ko bayan da furfura ta fara leƙo min. Wannan aiki shi ya ci da mu, kuma shi ya cinye masa huhu ina zaune ina kallo.

Kallon nan da na ce ba salon magana ba ne. Shagon ɗinkina yana tsallaken titi, ƙofarsa na duban ƙofar nasa. Shi ya kama min shi bayan na koyi keke, wai don idonsa ya riƙa kaiwa kaina, tunda mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, shi ya zame min uba. Sai abin ya juye, ni na koma mai gadinsa. Daga kan kekena ina hango shi a sunkuye, kan inji a matse a gabansa, fitila a rataye dab da kunnensa, injin gugan nan na kuka kamar ƙudan zuma ya faɗa kwalba. Shagon ɗan tsukuku ne, tagarsa ɗaya can sama, ita ma rabinta an toshe da kwali. In rana ta shigo ta nan sai ka ga ƙurar ƙarfe tana yawo tana ƙyalli, gwanin sha'awa ga wanda ba shi zai shaƙa ba. Tun yana saurayi gemunsa ya yi fari fat da garin alminiyam, har 'yan mata kan rusuna su gaishe shi da Baba.

Ƙurar da ke yawo a ɗaki kowane mai guga yana shan rabonsa. Ta Yaya daban ce, domin shi da kansa yake kai ta ciki. Yana da wani guntun tiyo baƙi da ya yi laushi don tsufa. In ya goge rami ya kai wani wuri sai ya kashe inji, ya karkaɗe garin da yatsa, ya naɗe bakin tiyon da tsumma ya cusa ta inda bawul, wato marfin da ke buɗe wa iska hanya, ke zama, ya sa ɗaya bakin a bakinsa, ya lumshe ido, ya zuƙa. Zuƙa mai tsawo, a hankali, irin ta mai kurɓar shayi da zafi. Sai ya yi shiru yana saurare. Daga nan ya tofar da yawu baƙi ƙirin, ya kunna inji, ya koma daidai wurin da ya ji iskar ta yi masa gardama. Haka ubangidansa ya koya masa. Ubangidan nan da tari ya mutu, amma a lokacin cewa aka yi sanyi ne ya kama masa ƙirji.

Ranar da na fara lura da abin da idon hankali, na tsallaka titi da almakashi a hannuna.

"Yaya, wannan wace irin ƙazanta ce? In ma dole ne ka hura mana, ka daina zuƙa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Auta, inji hurawa yake yi ko zuƙa?"

"Ina ruwana da abin da inji yake yi?"

"To zuƙa yake. Fistin ya yi ƙasa ya jawo iska. In na hura na bi hanyar ta baya ke nan, ƙarya za ta faɗa min. Wanda yake son ya san abin da inji ke ji, sai ya zama injin."

"To Allah ya ba ka lafiya, Malam Inji."

"Amin, uwar almakashi. Koma ki ƙarasa wa mutane kayansu, kin bar wuyan riga a buɗe."

Da haka muke ƙarewa kullum, da dariya. Ni ina da baki, shi yana da taurin kai, kuma a gidanmu taurin kai ne ke cin nasara.

Akwai lokacin da na ɗauka Allah ya kawo mana sauƙi. Ya ji labarin masu irin aikinsa a wasu wurare suna da teburin auna iska, ya ce shi ma sai ya yi nasa. Ya bi bola da kasuwar tsofaffin kaya ya tattaro injinan zuƙe ƙura, ya jera su cikin akwatin katako, ya huda rami a sama inda za a kifa kan inji. Ya kafa bututun gilashi biyu a jikin allo, ya zuba musu ruwa mai launin ja. In ya kunna, akwatin ya ɗauki gurnani, ruwan ya hau. Bututu ɗaya yana nuna ƙarfin zuƙar, ɗayan yana nuna yawan iskar da ta samu wucewa. Sai ya riƙa buɗe bawul kaɗan-kaɗan da sukuru, duk inda ya tsaya ya duba ruwan, ya ɗiga alli a allo. In ya gama ya haɗa ɗigon, layi ya fito. Ranar da abin ya fara aiki har rawa na ga ya taka, mutumin da ko a gidan murna ba ya ɗaga ƙafa.

Na ce masa, "Alhamdu lillahi, ga bawa ka samu mai zuƙar maka. Ba ni tiyon nan in jefa a kwata."

Ya ɓoye shi a bayansa kamar zan ƙwace. "A'a. Akwati yana faɗa min nawa ne, amma ba ya faɗa min ina ne. In layi ya karye na san akwai matsala. Wurin da take, sai baki da kunne."

Wato maimakon aiki ya ragu sai ya ƙaru. Akwati ya nuna, shi kuma ya bi da tiyo ya nemo. Sunansa ya tafi nesa, ana ɗauko masa kan inji a buhu daga garuruwan da bai taɓa takawa ba, ƙura ta ninka.

Gaskiya kuwa, kallon yadda yake karanta layin nan abin daɗi ne, ko ga wadda ba ta san komai ba sai zare da allura. Akwai wani direba da ake kira Babu Birki, mutum mai surutu da son gudu, da ya zo wata rana ya dire masa kan inji a tebur.

"Gogau, buɗe min ramukan nan har hannuna ya shige. So nake in na taka motar tsuntsu ya ji kunya."

Yaya ya jawo wani kan injin da aka kawo masa gyara, wanda wani ya riga ya ƙwaƙule, ya kifa a akwati, ya yi ɗige-ɗigensa. Sannan ya kira shi.

"Ka ga layin nan? Ya hau da kyau, ya zo nan ya karye ya faɗo. A nan iskar ta kasa shan kwana, ta saki bango, ta hau faɗa da kanta. Wanda ya goge shi ya ɗauka faɗi shi ne ƙarfi. Rami in ya cika faɗi iska kasala take yi, tana shiga tana jan ƙafa. Motarka sai ta cika gari da ihu a miƙaƙƙiyar hanya, ta zo hawan tudu ta tsaya tana haki."

"To yaya za a yi ke nan?"

"Kaɗan zan cire, a inda ya dace. Sauran ka bar wa Allah da ƙafarka, tunda dama birki ba ka da shi."

Bayan sati Babu Birki ya dawo yana danna hon tun daga bakin layi. Yaya ya fito ƙofar shago, ya karkata kai yana sauraron injin, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. Ban taɓa ganin wani abu ya faranta masa rai kamar wannan ba, kuma wannan ne ya sa duk faɗan da nake yi ba ya zuwa ko'ina. Da aikin dole yake yi don neman abinci, da tuni na raba shi da shi.

Bayan matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana gidan mijinta a gari mai nisa, maigidana ya ce Yaya ya dawo wurinmu. Muka ba shi ɗakin sama. Sai a nan na san abin da ake ciki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuwa ya daɗe yana ɓoye nasa. Kowace safiya da tari yake tashe mu, busasshe, mai tsawo, wanda ba ya fitar da komai. In zai hau matakala sai ya kai tsakiya ya tsaya, ya dafa bango, ya ƙura wa siminti ido.

"Yaya, lafiya?"

"Ginin nan nake dubawa. Wanda ya yi muku shafe ya cuce ku."

Kullum a wuri ɗaya yake duba ginin. Ashe mun samu injiniyan gini a gida ba mu sani ba.

Na ɗinka masa takunkumi ninki uku da yadi mai kyau. Na je kantin magani na sayo masa na gaske, mai roba da matata. Ya karɓa ya yi godiya, ya rataya a wuya. In na ɗago kai daga keke na harare shi sai ya ja shi kan hanci, in na sunkuya ya sauke. Wai yana sa tabarau ya yi masa hazo. Ko da ma ya sa, me ya yi? Lokacin zuƙa in ya zo dole ya cire, kuma wannan zuƙa ɗaya ta fi ƙurar wuni guda. Na yi lallashi, na yi zagi, na haɗa shi da maigidana, na kira 'yarsa ta yi masa kuka a waya. Duk ya bi mu da to.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Kunnena ya saba da kukan injin gugan, yadda yake hawa ya sauka in yana cin ƙarfe. Sai na ji ya tsaya a murya ɗaya bai canza ba. Na leƙa, ban ga kan Yaya a saman tebur ba. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da akwatin nan nasa, injin yana ta juyawa shi kaɗai a kan tebur. Bakinsa a buɗe, leɓɓansa sun yi duhu, ƙirjinsa na ɗagawa amma kamar ba abin da ke shiga. Na ƙwala wa mai walda na kusa da shi kira, muka cicciɓe shi sai asibiti.

Da ya farfaɗo aka ɗauki hoton ƙirji, sannan aka kai mu wani ɗan ɗaki mai na'ura da allon gilashi, da wani bututu da ake sawa a baki. Yana ganin abin idonsa ya kawo haske. Ya taɓo ni da gwiwar hannu.

"Auta, ashe su ma suna da akwati."

"Rufe mana baki ka yi abin da aka ce."

Ma'aikaciyar jinya ta matse masa hanci da wani ɗan abu, ta ce ya cika ƙirji ya hura iya ƙarfinsa, kada ya tsaya sai ta ce. Ya hura har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Layi ya fito a allon, ya hau, ya gangaro, ya ƙare da wuri. Yaya ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo. Bai ce uffan ba, abin da ba halinsa ba ne in ya ga layi.

Likitar mace ce mai sanyin murya, ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce garin ƙarfen da ya yi shekaru yana shaƙa ya yi masa tabo a huhu, huhun ya yi tauri, ba ya buɗewa yadda ya kamata. Ta ce babu maganin da ke goge tabon, abin da za a iya shi ne a daina ƙara masa. Dole ya bar guga gaba ɗaya, ko shagon kada ya shiga. Bayan wasu watanni ya dawo ya sake hurawa a gani.

Yaya ya gyara zama. "Likita, hanya ce ta toshe. In aka daina zuba mata gari, aka bar ta ta wanke kanta, layin zai hau."

"Baba, ba zan yi maka alkawarin zai hau ba. Fatanmu ya tsaya inda yake."

"Zai hau," ya ce, kamar shi ne likitan.

Muna fita na tsaya a gabansa na miƙa hannu. Ya san abin da nake nufi. Ya dubi hannun, ya dubi gefe, ya yi kamar yana neman mai waldan da ya kawo mu.

"Mabuɗin, Yaya."

"Akwai aikin mutane a ciki."

"Zan ba mutane kayansu. Mabuɗin."

Ya zaro shi daga aljihu, amma bai sake shi ba. "Da sharaɗi. Ranar da muka dawo, in layin ya hau ko da kaurin zare ne, a nan wurin za ki ba ni abina. Zan sa takunkumin naki, na yarda. Amma za ki ba ni."

Na ce na yarda. A lokacin ko cewa ya yi in sayo masa jirgi zan ce na yarda.

Watannin da suka biyo baya ba na son tuna su. Muka sauko da shi ɗakin ƙasa. Mutumin da bai taɓa shan ƙwaya a kan lokaci ba ya koma shi ke tuna min da magani. Yana shaƙar abin da aka ba shi, yana turara ƙirji da ruwan zafi, yana hura iska cikin kwalbar ruwa yana kallon kumfa. Kowace safiya sai ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo, ya zo yana ba ni labari kamar wanda ya ci gasa.

"Yau sai da na wuce mai walda kafin na tsaya."

"Ma sha Allah, Yaya."

"Kin gani ko? Hanya na buɗewa."

Sauran wunin a shagona yake yinsa, a kan benci, fuskarsa na kallon rufaffiyar ƙofarsa. Hannunsa ba ya iya zama. Ya kwance kekena ya ɗaure har sai da na roƙe shi ya ƙyale min abin sana'a, ya zuba masa mai har yana ɗiga a kayan mutane. Masu kawo aiki ba su daina zuwa ba. Su dire buhu a gabansa, ya zura yatsa cikin ramin, ya lumshe ido yana shafawa, ya faɗa musu abin da ke damunsa, sannan ya ce su kai wa wani. In sun tafi sai ya daɗe yana murza yatsun nan biyu da suka taɓa ƙarfen.

Ni kuwa ina ganin abin da ba ya faɗa. Rigunansa sun fara yi masa yawa, na rage su a ɓoye. Kan yatsunsa ya kumbura, faratansa sun lanƙwashe. Ya daina kwanciya sosai, sai a jingine da matasai. Zancen da a da yake yi a numfashi ɗaya yanzu sai ya raba shi biyu. Duk da haka in ya ce hanya na buɗewa sai in ce haka ne, har ni ma wani lokacin in fara yarda, don ba ni da wani abin riƙewa.

Ana cikin haka Babu Birki ya zo da kan inji a kafaɗa. Ya sayi wata mota, ya kai wa masu guga biyu sun ɓata masa rai, ya ce shi in ba Gogau ba ba wanda zai sake taɓa masa ƙarfe. Na ce masa Gogau ba shi da lafiya, ya ɗauki kayansa. Ya ce ai aikin yini ɗaya ne. Yaya ya riga ya zura yatsa a ramin, na ga fuskarsa ta canza.

"Auta, ba ni mabuɗin nan zuwa la'asar."

"Ba zan bayar ba."

"Kwanar rami ɗaya ce kawai suka bari, nan, kin ji ta. Ɗan shafawa zan yi."

"Ko shafa mai ne ba za ka yi ba. Mun yi sharaɗi."

Ya miƙe tsaye. A gaban baƙo, a gaban matan da suka zo karɓar ɗinki. "Ni kike hanawa shagona? Ni na goya ki, Auta. Da wannan hannun na ciyar da ke."

"Shi ya sa ba zan haƙa maka kabari da nawa hannun ba. Kai kuma Babu Birki, in ba ka ɗauke ƙarfen nan daga shagona ba wallahi da shi zan rotse maka gilashin mota."

Direban ya suri kayansa ya fice ba sallama. Yaya ya buɗe baki zai rama, tari ya sarƙe shi. Ya dafa benci yana yi, yana yi, har hawaye suka zubo masa, matan nan suka sunkuyar da kai. Na kawo ruwa ya ture. Ya yi kwanaki ba ya yi min magana, in na kai abinci sai ya ce wa maigidana ya gode. Na shiga bayan labulen gwajin kaya na yi kukana, na fito na ci gaba da taka keke. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, ya ƙi ni yana numfashi ya fi ya so ni yana kwance.

Ranar komawa asibiti shi ya fara shiryawa. Ya sa riga mai kyau, ya gyara gemu, wanda yanzu farinsa na gaskiya ne. A bakin ƙofa ya yi min maganar farko tun ranar faɗan.

"Kin ɗauko?"

Na buɗa jaka na nuna masa. Ya gyaɗa kai.

Ɗakin nan dai, na'urar nan dai. Aka matse masa hanci. Ya ja iska, ya hura, bai kai ko'ina ba tari ya katse shi. Aka bar shi ya huta. Ya sake, ya sake, ma'aikaciyar tana ce masa ƙara, Baba, ƙara, ni kuma na samu kaina ina hurawa tare da shi a tsaye, kamar tawa za ta shiga lissafi. Da aka gama ta haɗa layin farko da na yau a allo ɗaya. Ko ni da ban iya karatun layi ba na gani. Na yau yana cikin na da, kamarsu ɗaya, sai dai ya ƙanƙance, kamar rigar yaro a kan ta babba.

Likita ta shigo, ta dubi allon, ta ja kujera. Kafin ta yi magana Yaya ya ɗaga mata hannu.

"Bari, 'yata, kada ki wahalar da kanki." Ya huta. "Da hanya ce ta toshe, da layin ya lotsa a tsakiya. Wannan bai lotsa ba. Hanyar lafiyarta lau." Ya sake hutawa. "Ɗakin da iskar ke shiga ne ya tsuke. In aka kawo min inji irin wannan, cewa nake ba aikina ba ne, ba a saman yake ba."

"Haka ne, Baba," ta ce a hankali.

Na juya kansa. "Yaya, ba kai ka ce hanya ce ba?"

"Tun ranar farko na gani, Auta." Bai dube ni ba. "Na ce ko akwatin nasu ne bai da saiti."

Likitar ta yi bayani mai tsawo. Ta ce barin aikin ya taimaka, da bai bari ba da abin ya fi haka sauri, amma irin wannan tabo yakan ci gaba ko an daina shaƙar ƙurar. Ta yi maganar tukunyar iska da za a kai gida, da yadda za a riƙa sa masa. Ina jin muryarta kamar daga wani ɗaki. Abin da ke kaina shi ne watannin nan da ya yi a kan benci yana kallon ƙofa, yana hura kumfa a kwalba, alhali ya sani.

Muka fito. Bai yi nisa ba ya nemi wurin zama a barandar asibitin, muka zauna a kan wani dogon benci. Mutane na wucewa da katunansu da ledojin magani. Na buɗe jaka, na ɗauko mabuɗin, na ɗora masa a gwiwa. Layi bai hau ba, sharaɗi bai cika ba, amma me kuma nake karewa?

"Ga abinka. Ka je ka yi aikinka. Ka kira Babu Birki, ni zan ba shi haƙuri. Ba zan ƙara cewa komai ba."

Ya dubi mabuɗin. Ya sa yatsa ya juya shi a kan gwiwarsa, amma bai ɗauka ba. Na zaci zai yi murna, ko ya yi min gori, ko ya zage ni. Da ma zagin ya yi.

"Auta, ƙofar shagon nan ta ƙarfe ce, ɗaga ta ake yi sama." Ya numfasa. "Yau da safe butar ruwa na ɗauka, sai da na ajiye a hanya. Wa zai ɗaga min?"

"Ni zan ɗaga. Mai walda zai ɗaga."

"Kan injin fa? Ku ɗora min a tebur. To. Injin gugan ku riƙe min. Sai me ya rage nawa?" Ya tura min mabuɗin da bayan hannu. "Ki kai wa mai shagon da ya ba ni haya. Ki ce ya sa wani."

Na riƙe mabuɗin na rasa inda zan sa shi. Kuka ya zo min, na haɗiye, don in na fara shi ne zai koma lallashina, kuma ba shi da iskar yin hakan. Na ce ya tashi mu tafi gida.

"Bari in ɗan huta tukuna," ya ce.

Ƙofar asibitin tana nan gabanmu, muna hango masu shiga da fita. Sai da rana ta karkata sannan muka kai bakinta.